Gudummawar Littattafan Likitanci da Ƙawancen Ɗakunan Karatu: Tambayoyi da Amsoshi

Tambayoyin nan daga ɓangare biyu suke fitowa. Akwai 'yan uwanmu likitoci, nas-nas da masana magunguna da ke aiki a Ingila, Amurka, Kanada ko Saudiyya, waɗanda littattafai suka taru musu, hankalinsu kuma yana gida. Akwai kuma ma'aikatan laburare na asibitocin koyarwa da makarantun jinya da ungozoma, waɗanda kwalayen ke sauka a ƙofarsu. An fara da tambayoyi na gama-gari, sannan aka gangara zuwa jigila, kwastan da yarjejeniya.

Me ake nufi da ƙawance tsakanin ɗakunan karatu na likitanci?

Shi ne ɗakunan karatu biyu a ƙasashe daban-daban su amince za su riƙa taimakon juna na tsawon lokaci, kowane ɓangare da mutumin da aka ɗora wa alhakin hulɗar. Aika littafi yana ciki, amma shi ne ƙaramin sashe. Abin da ya fi yawa shi ne horar da ma'aikata, ziyarar aiki, nemo wa likita maƙalar da ya rasa a turo masa, da shawara kan tsarin ɗaki.

Abin ya daɗe. Ƙungiyar ɗakunan karatun likitanci ta Amurka, Medical Library Association, an kafa ta a 1898, kuma cikin ayyukanta na farko har da musayar littattafai da mujallun da wani ɗaki yake da su biyu-biyu, wani kuma ba shi da ko ɗaya. A Afirka, misalin da ake yawan kawowa shi ne ƙawancen laburaren likitanci na Jami'ar Zambiya da na Jami'ar Florida, wanda ya fara a farkon shekarun 1990. A Birtaniya kuwa, ƙungiyar Partnerships in Health Information ta yi shekaru tana haɗa ɗakunan karatun lafiya na can da takwarorinsu a ƙasashe irin su Uganda da Saliyo.

Yanzu da komai ya koma intanet, har yanzu ana buƙatar littafin takarda?

Ana buƙata ƙwarai. Wanda yake shakka ya leƙa laburaren makarantar jinya mako biyu kafin jarrabawa. Zai tarar da ɗalibai huɗu ko biyar sun kewaye kwafi ɗaya na littafin ungozomanci, bangonsa ya rabu an ɗaure shi da salatif, shafukan da suka yi bayanin naƙuda da zubar jini bayan haihuwa sun yi baƙi saboda yawan taɓawa. Wata tana ɗaukar hoton shafi da waya, wata tana kwafa da hannu domin wayarta ba caji. Littafi ba ya neman data, ba ya jiran a kawo wuta, kuma ana iya buɗe shi a gefen gadon mara lafiya da tsakar dare.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta gane haka tun ƙarshen shekarun 1990, lokacin da ta ɓullo da shirin Blue Trunk Library: akwatin ƙarfe shuɗi mai ɗauke da littattafai sama da ɗari da aka zaɓa domin ma'aikatan lafiya na gundumomi, inda babu laburare kwata-kwata. Abin da intanet ya kore shi ne tsofaffin mujallu na takarda, kamar yadda aka yi bayani a tambayar da ta shafi mujallu.

Ina da littattafan da na gama amfani da su, ina so in aiko gida. Daga ina zan fara?

Ku fara da rubuta jerin sunayensu, kada ku fara da sayen kwali. Kowane littafi a rubuta sunansa, marubucinsa, bugu na nawa ne, shekarar da aka buga shi, da adadin kwafin da kuke da shi. Wanda ba shi da lokaci ya jera su ya ɗauki hoton gefensu da na shafin da ke nuna shekara. Sai a aika wa shugaban laburaren da ake nufi, shi da kansa, a ba shi lokaci ya zauna da malaman sassa su zaɓa. Abin da suka zaɓa shi za a aiko, ko da littafi goma sha biyu ne cikin ɗari.

Wannan shi ne ginshiƙin duk abin da ke wannan shafi. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ma'aikacin laburare ya san littafin da ake layi a kansa, ya san wanda suke da kwafi ashirin ba mai taɓawa, ya san manhajar da ake koyarwa a bana. Idan aka bi ta kan shugaban asibiti ko wani babban mutum kawai, sau da yawa zai ce a kawo duka don kara, mutanen laburare kuma sai dai su ga mota ta tsaya.

Shekara nawa littafin likitanci zai yi kafin a ce ya tsufa?

Ƙa'idar da ɗakunan karatun lafiya da yawa ke bi ita ce shekara biyar ga littattafan duba marasa lafiya da ba da magani. Fannin magunguna da cututtuka masu yaɗuwa ya fi kowanne saurin tsufa. Ilimin sassan jiki, yadda gaɓoɓi ke aiki, da littattafan hotunan ƙwayoyin halitta suna iya kai shekara goma ko fiye suna da amfani, domin ƙashin mutum da jijiyoyinsa ba su canza ba.

Ku ɗauki zazzaɓin cizon sauro, cutar da kowane ma'aikacin lafiya a ƙasashenmu yake gani kullum. Littafin da aka buga a 1998 zai ce a fara da kulorokwin. Najeriya ta bar wannan tsari a 2005 ta koma magungunan haɗi masu sinadarin atemisinin, saboda ƙwayar cutar ta daina jin kulorokwin. Littafin 2006 zai ce yaron da zazzaɓi ya yi wa tsanani a sa masa kwinin a cikin ruwa, alhali a 2011 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fifita allurar atesunet, bayan babban gwajin da aka yi a asibitocin Afirka ya nuna ta fi ceton rai. Littafin da ya riga 2012 ba za a sami komai a cikinsa ba game da maganin rigakafin da ake raba wa yara a damina a yankin Sahel. Haka cutar ƙanjamau: kafin 2015 ana jira garkuwar jiki ta sauka zuwa wani mataki sannan a fara magani, yanzu duk wanda aka tabbatar yana da ita ana ɗora shi a kai.

Babban likita zai ga shekarar ya gane. Ɗalibin aji biyu a makarantar koyon kiwon lafiya ba zai gane ba. Ya ga littafi mai kauri, mai kyan takarda, daga Turai, a kan kantar makarantarsa, to a wurinsa abin da ke ciki gaskiya ne, kuma da shi zai tafi ƙauyen da aka tura shi aiki. Shi ya sa ban yarda da maganar “ko tsoho ne ai ya fi babu” ba a wannan fanni. A littafin tarihi ko adabi tana iya yiwuwa. A littafin da ke faɗin yawan maganin da za a ba jariri, tsoho yana iya cutarwa.

Waɗanne fannoni aka fi buƙata?

Amsar gaskiya tana hannun laburaren da za a ba, amma akwai abin da ke maimaituwa. Littattafan jinya, ungozomanci, lafiyar al'umma, aikin ɗakin gwaje-gwaje, harhaɗa magunguna, lafiyar yara, haihuwa, tiyata ta gama-gari da ba da maganin barci sun fi ƙaranci, domin masu aikowa galibi manyan ƙwararru ne, kayansu kuma na fanni mai zurfi ne. Makarantun jinya da na fasahar kiwon lafiya sun fi kwalejojin likitanci yawa nesa ba kusa ba, su ne kuma aka fi mantawa da su.

Sai kuma a duba ko littafin ya san cututtukanmu. Littafin da aka rubuta domin asibitocin Landan zai ba amosanin jini, sanƙarau da tamowa 'yan shafuka kaɗan. Zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganowa a 1969 a garin Lassa na jihar Borno ta yanzu, da ƙyar ya sami sakin layi. Yoyon fitsari da ake aikinsa a Babbar Ruga ta Katsina, saran kububuwa da ke cika asibitin Kaltungo, cutar noma mai cin naman baki da fuska da ake yi wa yara aiki a Sakkwato, gubar dalma irin wadda ta kashe yara a Zamfara a 2010, duk sai an nemi littattafan da aka rubuta domin ƙasashe masu zafi. Akwai kuma batun hotuna. Ƙyanda a jikin farar fata ja take fitowa, a jikin yaronmu kuwa sai an kusanto an shafa sannan a gane ƙurajen. Littafin cututtukan fata da ke da hotunan baƙar fata kyauta ce mai daraja sosai.

Tsofaffin mujallu fa? Ina da na shekara ashirin a jere.

Kusan kullum amsar ita ce a'a. Suna da nauyi, suna cin wuri, kuma abin da ke cikinsu ana samunsa ta Hinari, shirin karanta mujallu ta intanet na Hukumar Lafiya ta Duniya, ko PubMed Central, rumbun maƙaloli na kyauta da Babban Laburaren Likitanci na Amurka ya buɗe a 2000. Inda ake yin togiya shi ne tsofaffin mujallun Afirka da rahotannin asibitoci da na jami'an lafiya na zamanin Turawa, waɗanda ba a sa su a kwamfuta ba. Wanda ya ci karo da irin waɗannan a kayan wani tsohon likita da ya yi aiki a Zariya, Jos ko Damagaram, ya tuntuɓi laburaren jami'a kafin ya zubar, domin mai yiwuwa babu kwafinsu a ƙasar da aka rubuta su.

Zan iya aika littattafan Ingilishi zuwa Nijar ko Chadi?

Sai in sun nema. A Yamai, Maraɗi da Damagaram da Faransanci ake koyar da likitanci, haka arewacin Kamaru, Chadi kuma Faransanci da Larabci. Manyan malamai da masu bincike suna karanta Ingilishi, amma ɗalibin jinya ba zai amfana ba. Kasancewar Katsina da Maraɗi Hausa ɗaya suke ji bai sa littafin makarantarsu ya zama ɗaya ba. Mazauna Faransa, Beljiyam da yankin Kebek na Kanada su suka fi dacewa da wannan ɓangare.

Ba rashin godiya ba ne laburare ya ƙi kyauta?

Wannan tambaya ta fi fitowa daga ma'aikatan laburare, kuma na san nauyinta. An tarbiyyantar da mu a kan ba a mayar da hannun kyauta baya, balle idan mai bayarwar tsohon malaminku ne ko babba a gari. Amma kowane littafi da aka karɓa yana da kuɗin da zai ci: wurin ajiya, lokacin ma'aikaci, hatimi, rajista. Kanta ta cika da abin da ba a karantawa, mai amfani ya rasa wurin zama.

Mafita ita ce laburare ya kasance da rubutacciyar ƙa'idar karɓar gudummawa, shafi ɗaya, da sa hannun kwamitin laburare ko shugaban kwaleji. Ta faɗi shekarun da ake karɓa, harshe, fannoni, ta kuma faɗi cewa laburare yana da ikon miƙa abin da bai dace da shi ba ga wata makaranta ko ya fitar da shi. Da wannan takarda a hannu, ma'aikaci zai iya cewa, “Ranka ya daɗe, mun gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Ga waɗanda ɗalibanmu ke nema ruwa a jallo, ga kuma ƙa'idar da aka ɗora mana.” Yawancin masu bayarwa daɗi suke ji idan suka san takamaiman abin da ake so. Wani abin da ya kamata a guje masa shi ne karɓar tarkace don a cika kanta kafin zuwan masu tantance makarantu. Masu tantancewa suna duba shekarar bugu, kuma bayan sun tafi ɗalibai ne za a bari da kayan.

Waɗanne ƙungiyoyi ne suke wannan aiki a tsare?

Book Aid International ta Landan ta samo asali a 1954, lokacin da Uwargida Ranfurly, matar gwamnan tsibiran Bahamas na wancan zamani, ta fara tara littattafai domin yaran tsibiran. Ta ɗauki sunanta na yanzu a 1994. Sababbin littattafai take aikawa, waɗanda kamfanonin ɗab'i ke ba ta, ciki har da na likitanci da jinya, kuma tana aiki ne ta hannun abokan hulɗa a kowace ƙasa. Books For Africa, wadda aka kafa a 1988 a jihar Minnesota ta Amurka, kwantena-kwantena take aikawa, mai nema ko mai ɗaukar nauyi ya biya kuɗin jirgi. Ƙungiyar masana magunguna ta ƙasashen Commonwealth tana da shirin PharmAid, wanda ke tattara bugun baya-bayan nan na kundin magungunan Birtaniya ya raba wa ƙasashe mambobi.

An kuma yi wata mai tushe a Najeriya. Dakta David Morley, likitan yara da ya yi aiki a Imesi-Ile ta ƙasar Yarbawa, wanda aikinsa ya yaɗa katin awon nauyin jarirai, ya kafa TALC a 1965 domin samar da littattafai da kayan koyarwa masu rahusa da aka rubuta musamman saboda ma'aikatan lafiya na ƙasashe masu tasowa. Kafin a nemi kowace ƙungiya a duba sharuɗɗanta na yanzu, domin suna canzawa.

Ta yaya ake jigilar, kuma wa zai biya?

Littafin likitanci ɗaya yana iya kai kilo biyu ko uku, don haka kuɗin jigila yakan wuce darajar kayan idan ba a yi zaɓe ba. Da can ana dogara da gidan waya ta jirgin ruwa, amma Amurka ta soke wannan hanya mai rahusa a 2007. Ga kaya kaɗan, hanya mafi sauƙi ita ce jakar matafiyi: ƙungiyar tsofaffin ɗalibai ta raba littattafai uku-uku ga masu zuwa hutu ko taro. Ga kwali goma zuwa ashirin, 'yan kago da ke haɗa kayan mutane da yawa sun wadatar. A yi amfani da ƙananan kwalaye da mutum ɗaya zai iya ɗauka, a sa leda a ciki saboda danshi, a rubuta lamba a kowane kwali, a ajiye jerin abin da ke cikinsa.

Kwantena wani babi ne daban. Isarta Apapa ko Tin Can rabin tafiya ne, domin daga Legas zuwa Kano akwai kimanin kilomita dubu a gaba. Nijar ba ta da teku, kayanta ta Kwatano ko Lome suke bi, kuma rufe iyaka da Benin tun 2023 ya tsawaita hanya. Kafin kaya su tashi a rubuta wa zai biya wakilin fito, wa zai biya mota, wa zai biya masu sauke kaya. Idan ba a yi haka ba, kwantena takan zauna a tasha kuɗin jinkiri yana hauhawa kullum, laburaren da ba shi da kasafin ko sisi a kan wannan yana ta rubuta takarda zuwa ofishin kuɗi. Duba amsa ta gaba a kan kwastan.

Ana biyan harajin kwastan a kan littattafan kyauta?

Yarjejeniyar Florence ta hukumar UNESCO, ta 1950, ta tanadi cewa ƙasashen da suka shiga ba za su ɗora harajin shigo da kaya a kan littattafai ba, Najeriya kuma tana ciki. Amma wannan bai ɗauke kuɗin tasha, na kamfanin jirgi da na wakili ba, bai kuma ɗauke cika takardu ba. A tanadi wasiƙar bayar da kyauta daga mai aikowa, wasiƙar karɓa daga makarantar, cikakken jerin kaya, da ƙiyasin daraja. Idan kayan suna da yawa, makarantar ta nemi takardar yafe haraji daga Ma'aikatar Kuɗi ta Tarayya tun kafin jirgi ya taso.

Shawara ɗaya mai muhimmanci: kada a cusa magunguna, kayan aikin asibiti, kwamfutoci ko tufafi cikin kayan littattafai. Kowannensu da dokarsa da hukumar da ke duba shi, kuma kwali ɗaya na magani yana iya tsayar da kwantena guda.

Mene ne Hinari, kuma yaya makarantarmu za ta shiga?

Shiri ne da Hukumar Lafiya ta Duniya ta buɗe a Janairun 2002 tare da manyan kamfanonin ɗab'i shida, da mujallu kimanin 1,500 a farko, domin cibiyoyin lafiya na ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi su karanta ta intanet. Yanzu yana ƙarƙashin inuwar Research4Life tare da AGORA ta aikin gona, OARE ta muhalli, ARDI ta ƙere-ƙere da GOALI ta shari'a, kuma ya ƙunshi littattafai ma. Ƙasashe rukuni biyu ne: na farko kyauta, na biyu cibiya tana biyan dala 1,500 a shekara. Ana sabunta jerin ƙasashen, don haka a duba matsayin ƙasarku a shafinsu.

Cibiya ce take rajista, mutum ɗaya ba ya yi. Jami'o'i, asibitocin koyarwa, makarantun jinya, cibiyoyin bincike da ofisoshin gwamnati duk suna iya nema. Abin da ke ba ni takaici shi ne makarantu da yawa sun daɗe da rajista, kalmar sirri tana cikin aljihun teburin wani da ya yi ritaya, malamai suna ta neman maƙala a wajen abokai. Kafin a roƙi littafi daga waje, a tambaya ko akwai wannan rajista, a farfaɗo da ita, a koya wa mutane amfani da ita. Cibiyar ITOCA da ke Afirka ta Kudu ta daɗe tana ba da irin wannan horo. A kiyaye raba kalmar sirri ga mutanen waje, domin hakan yana sa a rufe wa cibiya ƙofa.

Idan intanet ɗinmu ba ta da ƙarfi fa?

Akwai rumbunan da ake loda su a faifan kwamfuta a ajiye a makaranta, ɗalibai su shiga ta waya ko kwamfuta ba tare da data ba. Sanannen misali shi ne eGranary, wanda shirin WiderNet na Jami'ar Iowa ya fara a 2001, kuma tunaninsa ya samo asali ne daga wahalar intanet da wanda ya ƙirƙiro shi ya gani lokacin da yake koyarwa a Jami'ar Jos. Ƙa'idojin Hukumar Lafiya ta Duniya ma ana sauke su kyauta a adana. Sau da yawa ƙaramar sola da batir da za su riƙe kwamfuta biyu da fitilun ɗakin karatu sun fi wata kwantenar amfani, kuma abokin ƙawance yana iya ɗaukar nauyinsu.

Kaya sun iso. Me ya rage?

Aiki na gaske yanzu ya fara. A buɗe kowane kwali a gwada da jerin da aka aiko. Wanda ya jiƙe a hanya ya yi fumfuna a ware shi nesa, domin yana harbin na kusa da shi. A buga hatimi, a yi rajista, a ba kowane littafi lambarsa. Ɗakunan karatun likitanci da yawa suna bin tsarin Babban Laburaren Likitanci na Amurka, inda QV ke nufin magunguna, WC cututtuka masu yaɗuwa, WQ haihuwa, WS lafiyar yara, WY kuma jinya. A ɗaga kanta daga ƙasa, a janye ta daga bango saboda gara, a riƙa kaɗe ƙurar hunturu.

A sa wa'adi, misali wata uku, kayan su hau kanta. Kwalayen da aka jibge a sito ana jiran ranar bikin miƙawa, ko littattafan da aka kulle a ofishin shugaba don kada a sace, ba su amfani kowa ba. Masu tsada a sa su a sashen da ake karantawa a nan take, a bar katin shaida kafin a ɗauka. Bayan wata shida a rubuta wa mai bayarwa a gaya masa waɗanda aka fi ara da waɗanda ba a taɓa ba. Wannan rahoto shi ke gyara aikowa ta gaba.

Ba zai fi kyau in aiko da kuɗi a sayi littattafan a gida ba?

Sau da yawa ya fi. Kuɗin da za a kashe wajen jigilar tsofaffi zai sayi sababbi da aka zaɓa, musamman bugun rahusa da kamfanonin ɗab'i ke yi domin Afirka da Asiya, da littattafan da malamanmu na Ibadan, Zariya, Kano ko Dakar suka rubuta da sanin marasa lafiyarmu. Hakan yana kuma raya masu sayar da littattafai na gida. A bi ta asusun makaranta ko ƙungiyar tsofaffin ɗalibai, a karɓi rasit, a kula da bugun jabu da ya cika kasuwa, wanda hotunansa sukan dushe har ba a gane abin da ake nunawa.

Mu me za mu ba abokan ƙawancenmu?

Abu da yawa, kuma ƙawancen da hannu ɗaya ne kullum yake miƙawa ba ya daɗewa. Likitocin Turai da Amurka suna ganin zazzaɓin cizon sauro da amosanin jini a asibitocinsu yanzu, ilimin kuwa yana wurinmu. Kundayen digiri na ƙwararru da ke jibge a kwalejojinmu, da mujallu irin su Annals of African Medicine da Sahel Medical Journal da suka fito daga Sakkwato, abubuwa ne da masu bincike a waje suke nema. Ofishin Hukumar Lafiya ta Duniya na Afirka da ke Brazzaville, tare da ƙungiyar AHILA ta ma'aikatan bayanan lafiya na Afirka da aka kafa a 1984, sun samar da African Index Medicus domin a riƙa ganin binciken nahiyar. African Journals Online, wanda ya fara a 1998, shi ma aikinsa ke nan. An kuma yi ƙawance tsakanin mujallu kansu, inda aka haɗa mujallar likitanci ta Ghana da The Lancet ta Birtaniya, ta Malawi da JAMA ta Amurka. Laburaren da ya nemi taimakon na'urar ɗaukar hoton takardu domin ya sa kundayensa a intanet, ya shigo ƙawance da abin hannunsa.

Yaya ake ƙulla ƙawancen, kuma me ke kashe shi?

Yawanci daga mutum biyu yake farawa: haɗuwa a taron AHILA, ziyarar ƙaro ilimi irin tallafin Cunningham da Medical Library Association ke ba ma'aikatan laburare na ƙasashen waje, ko tsohon ɗalibi da ke aiki a asibitin da yake da laburare. Idan kwalejinku tana da hulɗa da wata jami'a a waje a fannin tiyata ko bincike, ku nemi a sa laburare a ciki, domin ya fi sauƙi a kan ƙulla sabuwa. A rubuta takardar fahimtar juna gajera: abu biyu ko uku da za a yi a shekara, wa zai yi, wa zai biya, yaushe za a zauna a duba.

Abin da ya fi kashe shi shi ne rataya komai a wuyan mutum ɗaya. Ya yi ritaya ko an yi masa canjin wurin aiki, shi ke nan, wasiƙu su daina samun amsa. Kowane ɓangare ya sa mutum biyu, a yi amfani da adireshin imel na ofis, a ajiye fayil. Rashin amsa saƙo a kan lokaci ma yana sanyaya gwiwar abokin hulɗa fiye da yadda muke zato.

Idan yaƙi, gobara ko ambaliya ta lalata laburare, a gaggauta aika littattafai?

A gaggauta tuntuɓa, a jinkirta aikawa. An ƙona babban laburaren Jami'ar Mosul a Iraƙi a 2015, ba a sake buɗe shi ba sai a Fabrairun 2022, bayan an gyara ginin. Ambaliyar Maiduguri ta Satumban 2024 ta shiga asibitin koyarwa na jami'ar, yaƙin Sudan da ya ɓarke a Afrilun 2023 kuma ya tarwatsa kwalejojin likitanci da dama, ɗalibansu suka watsu a ƙasashe maƙwabta. A watannin farko na irin wannan hali, abin da ake buƙata shi ne hanyar shiga littattafan intanet ga ɗalibai duk inda suke, wurin ajiya busasshe, da kuɗin gyaran rufi da kantoci. Masu son taimakawa su tattara jerin abin da suke da shi kamar yadda aka bayyana a amsar “daga ina zan fara”, su riƙe kayan a wurinsu, sai ma'aikatan laburaren sun ce sun shirya karɓa.